Jan Farcena a Jirgin Baba

Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana ya fito daga bakin Babana ba. Ni ce 'yar fari, shi kuma mutumin da ne, irin waɗanda suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Idan yana son ruwa sai ya ce, "Ke," yana kallon bango. Idan yana yi wa Inna magana a kaina sai ya ce "waccan" ko "yarinyar nan", har bayan na yi aure na haihu. Ƙannena mata kuwa sunansu yake kira raɗau, ya tsokane su, ya yago musu tsire da hannunsa. Ni nawa kason sai ya bi ta hannun wani kafin ya iso gare ni.

Ba zan ce an zalunce ni ba. Shi ya tsaya tsayin daka har na gama karatun jinya, ranar da na fara aiki a asibitin koyarwa kuma an ce min ya kasa zama wuri ɗaya don murna. An ce min ne, ban gani ba. Duk dangi sun sha gaya min cewa wannan kawar da kan da yake yi so ne ya yi yawa. Na ji, na kuma yarda. Amma abu ɗaya nake so tun ina ƙarama, kuma ban daina so ba: Baba ya dube ni, ni ɗin nan, ya ce na yi abin kirki.

Zauren gidanmu a Gyadi-Gyadi shi ne shagonsa. Gyaran rediyo yake yi, daga baya ya haɗa da talabijin. Ina yarinya nakan laɓe a bakin ƙofar da ke shiga cikin gida ina leƙensa yana narka dalma, hayaƙin na tashi siriri, ƙamshin nan mai ɗan ɗaci na cika zauren. Ban taɓa wuce dokin ƙofar na zauna ba. Da zamani ya juya, kowa ya koma jin labarai a waya, sai rediyoyin suka daina zuwa. Baba ya rasa abin da zai yi da hannunsa, har Inna ta fara ƙorafin ya kwance mata agogon bango lafiyayye don kawai ya sake ɗaurawa.

Daga nan 'yan jiragen ruwan wasan da yake ƙerawa suka samo asali. Baba a bakin kogin Wudil ya tashi, kwale-kwale bai taɓa fita daga ransa ba. Sai ya riƙa sayo motocin wasan yara na gwanjo, irin masu rimot, ya farke su ya ciro ɗan injin da ɗan koren allon nan mai ƙananan ƙafafu da masu gyara ke kira fanel. Jikin jirgin yakan sassaƙa shi da katako mara nauyi ko ya yanka tsohuwar jarka, ya yi farfela da gwangwanin madara. Idan damina ta cika kududdufin da ke bayan Darmanawa, sai ya naɗe jirgin a tsohon zanen Inna ya tari adaidaita sahu. Dattijo da furfura, yana tsaye a bakin ruwa da rimot a hannu, ko a jikinsa.

Matsalarsa ɗaya ce, ruwa. Duk yadda ya toshe jirgin, sai danshi ya sami hanya ya kai ga fanel. Ɗigo kaɗan ya isa. Jirgi na cikin tafiya sai ya tsaya cak a tsakiyar kududdufi, ko ya kama juyi a wuri ɗaya. Bayan kwana biyu idan an buɗe, sai a tarar ƙafafun fanel ɗin sun yi wani farin gari kamar kanwa, shi ke nan ya mutu. Ya gwada ɗiga masa kyandir, zafin rana ya narkar da shi. Ya gwada kakin zuma, tururuwa suka yi masa sallama. Ya cusa fanel cikin balan-balan ya ɗaure bakin da zare, gumi ya taru a ciki ya yi ɓarnar da ta fi ta ruwan. Ni duk wannan daga bakin Inna nake ji, tana ba ni labari tana dariya.

Maigidana malamin lissafi ne a wata sakandare a Tarauni. Shekarun farko na aurenmu surukuta ce sosai tsakaninsa da Baba. Zai cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa a bakin zaure, ya gaishe shi kansa a ƙasa, ya miƙe ya koma jikin babur ɗinsa ya jira ni. Ko ruwan gidanmu ba ya iya sha a gaban Baba. Ni kuwa hakan ya yi min daidai, don a lokacin mu biyu ne a waje.

Wata Asabar ya zo ɗaukata na ɗan daɗe a ciki. Da na fito ban gan shi a jikin babur ba. Yana cikin zaure, a tsugune, jirgi a hannunsa, yana tambayar Baba dalilin da ya sa batir ɗin yake can baya maimakon tsakiya. Baba kuwa, mutumin da maganarsa da ni ba ta wuce "lafiya lau" da "madalla", ya buɗe baki yana zuba bayani har da nuni da hannu. Na tsaya da jakata a kafaɗa har ƙafata ta gaji. Babu wanda ya lura na fito.

Tun daga ranar Asabar ta zama tasu. Malam ya tashi daga tsuguno ya koma kan benci. Daga benci aka kai ga kwano ɗaya, abin da Inna ta ce ba ta taɓa zaton za ta gani da idonta ba. Ina daga tsakar gida ina jiyo dariyar Baba, wata irin dariya mai tari a ƙarshe da ban san yana da ita ba. Ni ce mai kai musu abinci. In yi sallama, in ajiye a bakin ƙofa, Baba ya ce "madalla" bai ɗago ba, ya ci gaba da cewa, "To ka gani, Malam, idan muka karkata farfelar nan kaɗan..."

Kishi nake yi, ba na ɓoyewa. Kishin mijina, uban 'ya'yana, wanda bai yi min laifin komai ba. A hanyar komawa gida yana tuƙi yana ba ni labarin Baba: ashe ya taɓa faɗawa kogi yana yaro wani masunci ya tsamo shi, ashe ya so ya zama direban jirgin ƙasa. Ina bayansa a kan babur ina cewa "uhm". Ubana ne, a gidansa aka haife ni, amma labarinsa sai a bakin baƙo nake tsinta.

"Sista, yau kin yi shiru," in ji shi. Haka yake kirana idan yana neman tsokana, kamar yadda marasa lafiya ke kiranmu a asibiti.

"Me zan ce? Ai kun gama maganar duniya kai da abokinka."

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake.

Maganar jan farce ta zo ne a wata ranar hutuna. Ina cikin kwanakin da ba na salla, ga shi ba ni da aiki sai jibi, sai na ɗauko wata 'yar kwalba da abokiyar aikina ta ba ni, jan farce ne amma marar kala, garau kamar ruwa. Ina zaune a tsakar gidanmu na Darmanawa da hantsi ina shafawa, Malam na gefe yana jujjuya wani fanel da ya mutu, yana tsaki. Ya ce Baba ya fara karaya, har yana cewa wataƙila ya haƙura da jiragen nan.

Na dubi farcena yana ƙyalli, na dubi abin da ke hannunsa.

"Malam, me ya sa nake goge wannan kafin in yi wanka in koma salla?"

"Saboda alwala ba ta yiwuwa da shi mana. Ruwa ba ya ratsa..." Bai ƙarasa ba. Ya saki baki yana kallona.

Ranar ko girkin rana a makare na ɗora. Muka farke wata tsohuwar motar wasan yaranmu, na goge fanel ɗin tas da auduga da sifirit, na bar shi ya sha iska. Sannan na bi shi da ɗan burushin kwalbar, shafa siririya, ba a labta ba. Na kauce wa bakin da ake soke wayar batir da wurin makunni, don hankali ma ya ba ka idan ka rufe su wuta ba za ta wuce ba. Da ya bushe na ƙara wata shafar, na juya bayan ma na yi masa. Da la'asar muka haɗa wayoyi, muka tsoma shi cikin kwanon sha, Malam ya danna rimot. Ɗan injin ya ɗauka, fir, fanel na kwance a ƙasan ruwa. Malam ya yi kabbara har maƙwabciya ta leƙo ta katanga.

Ni kuwa zuciyata ta riga ta tafi Gyadi-Gyadi. Na ga kaina na shiga zauren nan na ajiye kwalbar a gaban Baba. Na shirya har kalmomin da zan faɗa, na sake su, na sake shiryawa. Muka yi da Malam ranar Asabar tare za mu je. Sai ranar Juma'a aka sauya min aiki, wata ta haihu, aka ce ni zan riƙe mata safiyar Asabar. Na ce ya jira ni zuwa wani satin. Ya ce Baba na can ransa a jagule, bai kamata a bar shi haka ba alhali ga magani a hannu. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ban iya musa masa ba.

Da na dawo daga aiki na tarar da shi yana walwala kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka.

"Sista, da kin ga Baba yau! Sau nawa yana tsoma shi a bokiti yana cirowa. Ya dafa kafaɗata ya ce, Malam, kanka yana ja."

"Ka gaya masa daga inda dabarar ta fito?"

Ya sosa ƙeya. "Na ce a gida na samo."

"A gida ka samo. A ƙarƙashin gado ko a cikin rijiya?"

"Haba, ke ma kin sani. In dubi idon surukina in ce masa jan farcen 'yarsa ne? In ce masa muna zaune tana shafawa saboda ba ta salla? Wallahi bakina ba zai iya ba. Ko cewa mutanen gida na gaishe shi sai na yi da ƙyar."

Abin haushin shi ne yana da gaskiya. Da ni ce a matsayinsa ni ma ba zan iya ba. Kunyar da ta hana Baba kiran sunana ita ce ta hana Malam ambatona a gabansa. Sun iya cin tuwo a kwano ɗaya, sun iya tafawa, amma da an zo kaina sai kowa ya tuna shi mai kunya ne. Na shige ɗaki na cire kayan aiki, na daɗe ban fito ba.

Na gwada bi ta wajen Inna. Ita ma 'yar farinta ce ni, sai dai zaman tsakar gida ya sa mun saba, muna hira kamar ƙawaye in dai ba a zo yabo ba. Na kwashe labarin duka na gaya mata tana tankaɗe. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"To yanzu so kike in je in tsaya a gabansa in ce 'yata ta yi ƙoƙari? Da wannan bakin nawa? Ke dai ba ki da ta ido. Mijinki aka yaba, ba ke aka yaba ba?"

"Ba ni aka yaba ba, Inna."

"Ki gode wa Allah. Wasu surukan ko gaisuwa ba ta haɗa su." Ta miƙo min rariya ta ce in ƙarasa mata.

Ranar da aka saka jirgin farko mai jan farce a ruwa na je, na tsaya can nesa a gindin wata darbejiya da yarana. Ruwan sama ya sauka da safe, kududdufin ya cika har ya taɓo hanya. Masu adaidaita da ke wanke kekunansu a gefe suka bar wanki suka taru, da wasu leburori da ke aikin gini a kusa. Jirgin ya yanki ruwa gwanin sha'awa, ya yi nisa, sannan ya ci karo da wani reshe da ke yawo ya kife. Mutane suka ce "kash". Aka samo doguwar gora aka jawo shi. Baba ya buɗe murfin ya zazzage ruwan da ya cika cikin, ya mayar da jirgin kan ruwa, ya danna rimot. Farfela ta juya, jirgi ya tafi abinsa.

Wurin ya kaure da sowa. Wani mai adaidaita ya ce, "Baba, wannan wace irin dabara ce? Asiri kuka yi masa?"

Baba ya kamo hannun Malam ya ɗaga sama. "Ga mai asirin nan. Ɗana ne." Sannan ya kira shi da sunansa na yanka, ba Malam ba, da ƙarfi, a gaban kowa.

Ina jin haka idona ya kawo ruwa. 'Yata ta ja min hijabi tana tambayar me ya faru, na ce ƙwaro ne ya faɗa min. Murnar Baba ta yi min daɗi, Allah ya sani, na daɗe ban ga ya miƙe tsaye haka ba. Amma daɗin bai kashe ɗacin ba. A ranar ko kallon Malam ban so yi, shi kuma ya gane, ya yi ta lallaɓa ni kamar mai ciwon haƙori.

Haka aka ci gaba. Ni ke sayo kwalaben a wajen masu kayan kwalliya, don Malam ya ce shi kunya yake ji. Ni na nuna masa yadda ake riƙe burushin a kwance, da yadda ake jira shafar farko ta bushe kafin a ƙara. Shi kuma ya je zaure ya yi, don hannun Baba ya fara rawa, idonsa ma ya rage. Duk jirgin da ya tsira daga ruwa, albarkar Malam ce.

Wajen ƙarshen wata damina Baba ya gama jirgin da ya fi kowanne girma, mai inji biyu, har da ɗan ɗakin direba a sama. Saura shafa kawai. Sai aka tura Malam wani gari aikin duba takardun jarrabawa, ga ruwan kududdufi ya fara ja da baya. Inna ta kira ni a waya.

"Wai in ji Babanku, ko waccan ta iya shafawar nan, tunda a gabanta ake yi."

Ina tashi daga aikin safe ko gida ban biya ba. Na isa Gyadi-Gyadi bayan la'asar, na yi sallama a bakin zaure na tsaya inda na saba tsayawa. Baba ya matsa gefe a kan bencin, ya nuna min wurin da haɓarsa. Na tsallake dokin ƙofar na zauna.

Ya riƙe fanel ɗin da hannu biyu ta gefe da gefe, ni kuma na goge shi na fara shafawa. Kusancin har ina jin numfashinsa da ƙamshin turaren da ke jikin rigarsa. Na ga tabon ƙunar dalma birjik a yatsunsa, na ga yadda fatar hannun ta saki. Idan hannunsa ya yi rawa sai in dakata, idan ya lafa in ci gaba. Ban taɓa yin wani aiki da natsuwa irin ta ranar ba. Na bi kowace ƙafa ɗaya bayan ɗaya, na zagaye bakin waya ban taɓa shi ba, ko kumfa ɗaya ban bari ya kwanta ba.

Muna jiran shafar farko ta bushe sai ya fara magana, idonsa a kan titi. Ya ce Malam mutum ne mai haƙuri. Ya ce samun irinsa a yaran yanzu sai an tona. Ya ba ni labarin yadda suka sha wahalar daidaita injin biyun nan, da abin da Malam ya ce, da abin da shi ya ce masa. Ina ta cewa, "Haka ne, Baba." Wannan ce hira mafi tsawo da muka taɓa yi, kuma duk a kan mutumin da ba ya wurin ce.

Da na gama shafa ta ƙarshe ya miƙe da fanel ɗin zuwa bakin ƙofar waje inda haske yake. Ya kawo shi kusa da ido, ya juya gaba, ya juya baya. Ya daɗe yana dubawa.

"Wannan ya fi na kullum kyau," ya ce. "Ya kwanta sumul."

Na riƙe numfashi ina jira ya juyo.

"Allah ya yi wa Malam albarka. Ya iya koyarwa."

Maganar tana kan harshena. Kalmomi kaɗan ne, na daɗe da haddace su: Baba, ni na koya masa. Na buɗe baki, na dubi bayansa da ya ranƙwafa, sai na ji na ce, "Amin."

Har yau ban sani ba ko bai gane ba ne, ko kuwa ya gane sarai, hanyar da zai iya bi ke nan ya sa min albarka. Nakan zaɓi ta biyun idan raina na da sanyi. Ranar dai ban zaɓi komai ba, na rufe kwalbar ina ɗaure murfin fiye da yadda yake buƙata.

Ya dawo ya ajiye fanel ɗin a kan taga, ya zauna kusa da ni, ya yi ajiyar zuciya.

"Idan ya bugo waya a gaishe shi," ya ce. "A ce masa ya yi ya dawo. Tun da ya tafi zauren nan ba kowa."

Ina zaune a gefensa, kafaɗata na kusan taɓa tasa.

Na ce, "Zai ji, Baba."